Akwatin Injiniya da Jerin Limamai

Wani mutum ne a Gangaren Tsamiya da kowa ke kira Injiniya. Sunansa na yanka ya kufce mini. Na yi kwana uku ina lalubensa a kaina, wani lokaci in ji kamar Lawandi ne, wani lokaci kamar Sallau. Tunda shi kansa ya fi son a ce masa Injiniya, bari mu bar shi a haka. Shekarar ma ba zan iya rantsuwa a kanta ba. Na dai san da bazara ne, don na tuna gumi yana ɗiga a kan takarduna ina sharewa da hannun riga. Sauran labarin kuwa yana nan daram, saboda da ni aka yi.

Injiniya mutum ne gajere mai tumbi, kullum da abin gwada wuta a aljihun gaba da biro uku, biyu ba sa rubutu. Idan ya zauna a teburin mai shayi, sai ya ba da labarin zamansa a Ikko. Ya ce jiragen ruwa sukan yi layi a bakin teku suna jiran ya gama karin kumallo. Ya ce akwai ranar da jirgin sama ya ƙi tashi a wata ƙasa, aka kira shi a waya, ya ce a kara wayar a jikin injin, ya saurara kaɗan, ya gaya musu ƙusar da ta kwance. A nan garin dai abin da ido ya gani ya gyara shi ne tocilan biyu da rediyon wani mahauci. Rediyon kuwa tun daga ranar tasha ɗaya take kamawa, ita ma da Faransanci. Injiniya ya ce ai ƙara mata ilimi ya yi.

Abin da ya kai ni garin, ƙungiyar ci gaban garin ce ta so a rubuta tarihin limamansu. Ni kuma sana'ata ke nan, yawo gari gari ina roƙon tsofaffi su buɗe mini gafakarsu in kwafi abin da gara ta rage. Sun ba ni masauki, suka haɗa ni da Malama Hansatu, wadda ta yi shekaru tana buga takardu a makarantar firamare kafin ta yi ritaya. Ita ke aiki a ɗakin kwamfutar ƙungiya, wani shago ne a bakin kasuwa da aka raba gida biyu da bangon katako. Ɗaya ɓangaren na wani tela ne, Malam Jatau. Duk yini kana jin kekensa, ƙirrr, ƙirrr.

An yanke shawarar littafin zai fito da ajami da boko, shafi yana kallon shafi. Kwamfuta biyu ce a ɗakin. Tsohuwar ita ce ta iya ajami, sabuwar kuma boko kawai ta sani. Kowace da gilashinta, amma allon da ake dannawa a yi rubutu, wanda suke kira kibod, guda ɗaya ne mai lafiya. Linzamin da ake ja da hannu shi ma ɗaya, firinta ɗaya. Saboda haka duk lokacin da Malama Hansatu ta gama layin ajami za ta koma boko, sai ta ture kujera, ta durƙusa, ta shiga ƙarƙashin tebur, ta zare wayoyi uku daga wannan ta soka a waccan. Ta fito tana dafe da ƙugu. Mace mai jikoki, a yini sai ta yi haka sau talatin. Ni da nake zaune ina karanto mata, har kunyar cewa a koma ajami nake ji.

A daidai lokacin ƙungiya ke shirin naɗa wanda zai riƙe makullin ɗakin, a riƙa ce masa shugaban sashen kwamfuta. Malama Hansatu ta yi shekara biyu tana aikin ba tare da wani suna ba, kowa ya ɗauka ita za a ba. Injiniya kuwa ya ƙwallafa rai a kan makullin nan. Yana son ya rataya shi a ƙugu ya riƙa kaɗa shi a kasuwa.

Wata rana ya leƙo ya tarar da ita a ƙarƙashin tebur, ƙafafunta kawai ake gani. Ya tambayi abin da ake ciki. Ta gaya masa daga can ciki, ta ƙara da cewa ta ji ana sayar da wani ɗan abu a Kano, bai fi kwalin ashana ba, ka soka wayoyin duka a jikinsa, ka danna maɓalli ɗaya su koma inda kake so. Injiniya ya yi dariya har da riƙe tumbi. Ya ce wannan ai kayan 'yan koyo ne, masu ƙera shi ma a hannunsa wasunsu suka koyi riƙe sukundireba. Ya ce a ba shi kwana huɗu da makullin ɗakin, zai ƙera wanda ya fi shi da hannunsa, idan kwamitin ƙungiya ya gani sai ya san wa ya cancanta.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Mamuda, dattijo ne mai sanyin magana da ba ka gane ko wasa yake ko gaske. Ya ce a ba shi. Ya ce ran Asabar ta sama kwamiti zai zo ya ga aikin, a nan za a yanke maganar makulli.

Ranar da aka buɗe mana ɗakin, muka tarar da akwatin katako a kan tebur, manne da bango, ya sha koren fenti. Girmansa ya kai na akwatin lefe ƙarami. A gabansa akwai makunnin fanka irin wanda ake murɗawa, da murfi da aka garƙame da kwaɗo. An rubuta da jan fenti: HAƊARI, KADA A TAƁA. Wayoyi suna shiga ta gefe kamar 'ya'yan maciji. Injiniya ya ce a murɗa hagu ajami, a murɗa dama boko. Malama Hansatu ta murɗa dama, ƙwas. Aka ɗan yi jim. Sai ga linzami ya motsa a sabuwar kwamfuta. Ta murɗa hagu, ƙwas, jim kaɗan, tsohuwar ta amsa. Ni dai na yi salati, don ban taɓa zaton zai iya ba.

Ga abin da ba mu sani ba a lokacin. Injiniya ya yi kwana uku yana yanke wayoyi yana ƙulla su, ya ƙona hannu, ya ƙona gefen tebur, abu ya ƙi. A rana ta huɗu sai ya samo ɗan abin da ke tara wayoyi uku su zama baki ɗaya, wannan kam na gaske ne. Ya huda bangon katakon, rami kamar faɗin faifai, ya ɗora akwatin a kai. Akwatin ba shi da baya. Makunnin nan ba abin da yake yi sai kunna ƙananan ƙwan fitila biyu masu batir da ya kafa a gefen keken Malam Jatau, ja da kore. Idan ja ya kama, Malam Jatau ya tsayar da keke, ya zura hannu ta ramin, ya zare bakin wayar ya soka a na ajami. Idan kore ya kama, ya mayar na boko.

Za ku ce me ya sa mutum mai sana'arsa zai yarda da wannan. To, Injiniya yayan matarsa ne. Malam Jatau kuwa mutum ne da ko kallon idon surukinsa ba ya iya yi, balle ya ce masa a'a. Kuma an gaya masa na 'yan kwanaki ne, kafin wani ƙarfe ya iso daga Ikko.

Mun yi mako guda muna aiki da akwatin, kuma wallahi mun ji daɗinsa. Sai dai yana da wasu halaye. Da an kira sallar azahar ba ya aiki sai an idar. Injiniya ya ce shi ya tsara shi haka, don ba zai ƙera na'urar da za ta hana mutane ibada ba. Labari ya bazu, tsofaffi suna zuwa kallon akwati mai salla. Bayan cin abincin rana yakan yi nawa, wani lokaci sai an murɗa sau biyu. Injiniya ya ce zafi ne. Ran Laraba na ji ya yi tari. Injiniya ya ce fankar cikinsa ce ke kakkaɓe ƙura. Na kuma lura duk sa'ad da aka murɗa makunnin sai keken maƙwabcinmu ya yi shiru, amma na ɗauka ko akwatin ne ke janye wutar layin. Ni malamin takarda ne, ban san komai a kan wuta ba.

Asabar ta zo. Da hantsi kwamiti ya hallara, mutum shida ko bakwai, har da na'ibin liman. Aka jera benci. Injiniya ya sha babbar riga, ya ƙara biro na huɗu. Ya fara jawabi, ya ce a cikin akwatin nan akwai ƙwaƙwalwa da ta fi ta kwamfutocin biyu a haɗe. Ya ce wasu mutanen Sin sun aiko suna neman ya sayar musu da sirrin ya ƙi, saboda kishin gari. Ya ce ba ya gajiya, ba ya kuskure, ba ya gardama, ba kamar ɗan Adam ba. Yana faɗin haka yana satar kallon Malama Hansatu. Ita ko ta sunkuyar da kai tana goge gilashin idonta.

Alhaji Mamuda ya ce to a gwada da aikin gaske. Ya ce in karanto jerin limaman garin tun daga na farko, Malama ta buga kowane suna da ajami sannan da boko. Injiniya ya ce shi zai riƙe makunnin da kansa.

Na buɗe takardata na fara. Liman na farko, ƙwas, ajami, ƙwas, boko. Na biyu haka. Injiniya ya ga abu yana tafiya, sai ya fara salo. Ya murɗa da hannun hagu. Ya murɗa yana kallon rufi. Ya murɗa da gwiwar hannu. Ya murɗa hagu da dama da sauri sau biyar a jere don a ga ƙarfin na'ura, har muka ji wani nishi daga ciki. Ya ce wannan ƙarar ƙwaƙwalwar ce idan ta ɗauki zafi. Na'ibi ya ce ikon Allah.

Muka wuce na shida, na bakwai, na takwas. Na ji akwatin ya ɗan yi wani motsi a na bakwai, amma ya sauya. Da na zo na tara sai na karanta abin da na rubuta: Liman Gwadabe, wanda ya yi riƙon ƙwarya na kwana arba'in kafin a naɗa na gaske. Haka wani tsoho ya gaya mini a bakin masallaci, ni kuma na rubuta ban bincika ba. Ban san cewa Malam Jatau jikan Liman Gwadabe ne ba, kuma duk duniya ba abin da yake tinƙaho da shi sai wannan kakan.

Malama Hansatu ta buga da ajami. Injiniya ya murɗa dama, ƙwas.

Shiru.

Ya sake murɗawa. Ya mayar hagu ya dawo dama. Linzami ko gezau. Keken maƙwabci ma tsit. Injiniya ya yi murmushi ya ce na'ura ce mai tunani, wani lokaci takan tsaya ta auna abu. Ya ɗan bubbuga murfin da yatsa. Ya ƙara bugawa da tafin hannu. Gumi ya fara tsattsafo masa a goshi.

Sai akwatin ya yi gyaran murya ya ce, a hankali, cikin ladabi: "Na bakwai ne."

Na'ibi ya zame daga kan benci ya nufi ƙofa da takalmi ɗaya. Wani ya fara karanta addu'ar neman tsari. Injiniya kuwa, a ba shi haƙƙinsa, bai ko ƙifta ido ba. Ya ce af, ya manta bai gaya mana ba, ya sa masa murya, so ya yi ya ba mu mamaki a ƙarshe. Ya ce muryar ba ta gama nuna ba tukuna, takan faɗi lambobi barkatai, kada a kula ta.

"Kuma shekara goma sha ɗaya ya yi," in ji akwatin. "Ba kwana arba'in ba."

Ni kuma, Allah ya gani, tsufa da son gardamar ilimi suka mantar da ni da wa nake magana. Na gyara zama na fuskanci akwatin na ce masa ni fa daga bakin dattijo na ji. Akwatin ya tambayi wane dattijo. Na faɗa. Akwatin ya ce ai wannan gidansu sun daɗe suna jin haushin gidan Gwadabe tun rigimar wata rijiya, ba a karɓar shaidarsa a nan. Na ce to idan Gwadabe ne na bakwai, ina za a kai Liman Ɗanbaba da na sa a wurin? Akwatin ya ce Ɗanbaba ladan ne, bai taɓa jan salla ba sai ranar da liman ya yi zazzaɓi. Muka yi ta yi, ni ina buɗe takardu, akwati yana kawo sunayen unguwanni da na matan aure. Injiniya yana tsaye a tsakaninmu yana murɗa makunni hagu da dama, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar mai son kashe rediyo.

Ya sunkuya ya kai bakinsa jikin murfin, yana nuna kamar dubawa yake, ya yi raɗa. Amma ɗakin ƙarami ne, duk mun ji. Cewa ya yi don girman Allah a sauya, a yi maganar kaka daga baya.

"Yaya, ka yi haƙuri," in ji akwatin. "Mako guda ina yi maka biyayya, ɗinkin mutane ya taru a kaina ban ce komai ba. Amma ba da hannuna za a mayar da kakana ɗan riƙon ƙwarya da boko ba. Na ajamin ma da na sani da ban bari ba."

Alhaji Mamuda ya miƙa hannu a ba shi makullin kwaɗon. Injiniya ya ce buɗewa akwai haɗari, wutar ciki tana iya kashe bijimin sa. Hannun Alhaji bai sauka ba. Injiniya ya lalubi aljihun dama, ya lalubi na hagu, ya ce kamar ya bar ɗan makullin a gida. Sai muka ji akwatin ya ce akwai na biyu a nan wurinsa. Wani ɗan makulli ya leƙo ta kafar da wayoyi ke shiga, ya faɗo kan tebur, ƙil.

Alhaji ya buɗe kwaɗon ya ɗaga murfi. Babu ƙwaƙwalwa, babu fanka. Wayoyi ne guda uku a kwance, da ɓarin goro da aka gatsa, da fuskar Malam Jatau cike da ramin, tabarau a kan hanci, tef ɗin awo a wuya.

"Ranka ya daɗe, barka da hantsi," in ji Malam Jatau.

Alhaji ya amsa. Ya tambaye shi gida, ya tambaye shi iyali, ya tambaye shi ya jikin tsohuwa, ya tambaye shi kasuwa. Malam Jatau ya amsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya bi 'yan kwamiti da gaisuwa kowa da sunansa, yana karkata kai a cikin ramin don ya hango na gefe. Na'ibi ya dawo ya ɗauki takalminsa, shi ma aka gaisa da shi. Duk tsawon gaisuwar nan Injiniya yana tsaye da hannu a kan makunni, babbar riga ta jiƙe sharkaf. Ya buɗe baki ya fara cewa wannan shi ake kira matakin gwaji, a Ikko ma haka ake farawa. Ba wanda ya waiwaye shi.

Alhaji ya tambayi Malama Hansatu ko ta san da wannan. Ta ce tun rana ta biyu ta gane, don ta ga zaren ɗinki shuɗi ya biyo waya ya fito. Aka ce to me ya hana ta faɗa? Ta ce bayanta ne ya samu hutu, kuma ba ta ga dalilin da za ta tashi mutum daga aikin lada ba.

A nan take Alhaji Mamuda ya karɓi makullin ɗakin daga ƙugun Injiniya, inda ya riga ya rataya shi tun kafin a naɗa shi, ya ajiye a gaban Malama Hansatu. Sannan ya dafa kafaɗar Injiniya, ya yi magana da muryarsa mai sanyi.

"Injiniya, aiki ya yi kyau, mun gode. Na'urarka tana da sauri, tana salla, ta iya gaisuwa. Amma idan ka tashi ƙera wata, ka nemo wadda ba ta da kaka."

Dariyar da aka yi, har masu tumatir suka taso daga kasuwa suna tambayar abin da ya faru. Injiniya ya fita ta tsakiyarsu, biro ɗaya ya faɗi bai tsaya ɗauka ba. Ban tuna ko a ranar na bar garin ko washegari ba, kuma na manta wanda ya toshe ramin.

Abu ɗaya dai na tabbatar. Bayan damina na je wani ƙauye a gabashin garin, wurin wata tsohuwa da ta gaji takardun mahaifinta. A cikinsu na samu jerin limaman Gangaren Tsamiya da rubutun alƙalin wancan zamani, tawada ba ta ko dushe ba. Na sa tabarau na ƙirga da yatsa har sau biyu. Gwadabe shi ne na bakwai, kuma shekara goma sha ɗaya ya yi. Akwatin ne ya fi ni gaskiya.